Parke ko binil: Abin da mai gini a Nijar ya kamata ya sani kafin ya zaɓi shimfiɗar ƙasan ɗaki

Idan an gama rufi, an sa ƙofofi da tagogi, sai maganar ƙasan ɗaki ta taso. A shekarun baya amsar ba ta wuce biyu ba a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai: ko a yi daɓen siminti a shimfiɗa leda da darduma, ko mai hali ya sa karo, wato tayil. Yanzu zaɓi ya ƙaru. Matasa masu kallon hotunan gidaje a TikTok da Instagram, da ƴan Nijar mazauna Faransa, Beljiyam, Jamus da Amurka masu aiko da kuɗin gini, da yawansu suna sha'awar ƙasan ɗaki mai kamar katako.

Abubuwa biyu ne suka fi ba da wannan kama. Akwai katako na ainihi, wanda ake kira parke. Akwai kuma sabon nau'in leda mai kauri da ake yankawa falle-falle kamar alluna, wanda ƴan kasuwa ke kira binil na alfarma, a jikin kwalinsa kuma akan rubuta LVT ko SPC. A hoto da wuya a bambanta su. A cikin ɗakin da ke shan hunturu, zafin bazara da laimar damina kuwa, kowanne da halinsa. Ga wanda ya share shekaru yana ci-rani yana tara kuɗin gida, kuskure a nan na iya cinye ɗaruruwan jikkuna, kuma ba ya bayyana sai bayan an biya an tare.

Mene ne kowannensu?

Parke iri biyu ne. Na farko tsantsar katako ne daga sama har ƙasa, kaurinsa yakan kama daga milimita 14 zuwa sama da 20. Na biyu haɗi ne: fallen itace mai daraja a sama, an manne shi kan wasu falle-fallen katako da aka jera a gicciye domin su riƙe juna. A ƙa'idar Turai, ba a kiran abu parke sai fallen itacen da ke samansa ya kai aƙalla milimita 2.5. Wannan kaurin ne ke ba da damar a kankare saman da inji idan ya tsufa, a sake shafa masa man sheƙi ya dawo sabo. Tsantsar katako na jure irin wannan gyara sau da dama, shi ya sa a Turai ake samun gidaje da parkensu ya haura shekara 100.

Binil na alfarma kuwa roba ce ta PVC da aka jera hawa-hawa. A ƙasa akwai ginshiƙi, a kansa hoton katako da aka buga da inji, a saman hoton kuma wata fata mai garai-garai wadda ita ce ke shan taku. Kaurin wannan fata shi ne ma'aunin ingancin kayan: akwai mai milimita 0.3, akwai mai 0.55, akwai mai 0.7. Idan ta cinye, hoton ya goge, babu sauran gyara sai canji. Nau'in SPC shi ne wanda aka haɗa ginshiƙinsa da garin dutsen farar ƙasa, saboda haka ya fi tauri da nauyi. Wani binil ɗin da gam ake manna shi, wani kuma bakin allunansa ne ke sarƙe juna ba tare da gam ba. Mafi yawan masu ƙera shi suna ba da garanti na shekara 10 zuwa 25 a gidan zama.

Akwai kuma na uku da ke ruɗar masu saye, domin a kasuwa shi ma parke ake ce masa. Garin katako ne da aka matse, aka manna masa takarda mai hoton itace. A jikin kwalinsa za a ga an rubuta stratifié. Ba katako ba ne da za a kankare, ba kuma roba ba ce da ruwa ba ya ci. Idan ruwa ya shiga mahaɗarsa sai bakin ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Duk mai saye ya duba gefen allon da idonsa kafin ya biya.

Hunturu da damina: babbar jarrabawar katako

Katako ko an sare shi an busar, ba ya daina mu'amala da iska. Idan iska na da laima ya tsotsa ya kumbura, idan ta bushe ya saki ruwan ya motse. Masana'antun Turai suna busar da parke har ruwan da ke jikinsa ya tsaya tsakanin kashi 7 zuwa 11 cikin 100, domin gidajen can laimarsu ba ta cika yin nisa da kashi 40 zuwa 60 ba. Ƙungiyar masu sana'ar daɓen katako ta Amurka ma tana ba da shawarar a riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 30 zuwa 50.

A kudancin Nijar lissafin daban yake. A Yamai, laimar iska a watannin Fabrairu da Maris takan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta haura kashi 70. Katakon da ya daɗe a iska irin ta Maris ruwan jikinsa kan koma wajen kashi 4, a irin ta Agusta kuma ya hau zuwa kashi 13 ko 14. Ga itacen ok, wanda Faransawa ke kira chêne kuma shi ne aka fi yin parke da shi a Turai, wannan sauyi na iya sa allo mai faɗin santimita 12 ya ragu ko ya ƙaru da kimanin milimita 3. A allo ɗaya abin kamar ba komai ba ne, amma faɗin falo na ɗaukar alluna fiye da 30. Da rani sai a ga tsagi tsakanin alluna inda ƙura ke taruwa, da damina kuma allunan su matsi juna, wasu su lanƙwashe, wasu su tashi sama.

Parke na haɗi ya fi tsantsar katako jure wannan kai-komo, saboda falle-fallen da aka gicciya suna hana juna motsi. Haka wasu itatuwan yankuna masu zafi, irin su tik, loko da kawo, ba su cika motsi ba kamar na Turai. Duk da haka, na'urar sanyaya ɗaki ta ƙara busar da iskar da tun farko busasshiya ce, yayin da mai aiki da ruwa, wadda gidaje da yawa ke amfani da ita da bazara, take ƙara wa ɗaki laima. Ke nan irin na'urar da ke ɗakin ma tana da tasiri a kan katakon.

Binil ba ruwansa da laimar iska. A wannan fagen ya yi wa katako fintinkau.

Zafi: raunin binil

Inda binil ke da rauni shi ne zafi. PVC na buɗewa idan ya ji zafi, ya motse idan ya huce. Masu ƙera shi galibi suna so a shimfiɗa shi a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 18 zuwa 27 ko kusa da haka, kuma a bar kwalayen su kwana biyu a ɗakin kafin a fara aiki. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin rana a biranen Nijar na haura digiri 40, ɗakin da ke kulle ƙarƙashin rufin kwano kuma yakan fi haka.

Wannan batu ya fi shafar mazauna ƙetare. Gida da yawa ana gamawa a kulle, mai shi ba ya zuwa sai hutu ko Sallah. A irin wannan gida, binil mai laushi na iya tasowa a wuraren da rana ke bugawa ta taga, gam ya saki, mahaɗa ta buɗe, launi kuma ya koɗe. SPC ya fi jurewa saboda garin dutsen da ke cikinsa, amma shi ma sai an bar masa tazarar milimita 5 zuwa 10 tsakaninsa da bango ta kowane ɓangare, sannan a sa labule mai kauri ko a rufe tagogin da ke fuskantar rana. Yana da kyau a karanta takardar garanti, domin da yawansu suna cire ɓarnar da zafi ko hasken rana suka jawo daga abin da kamfani zai biya.

Sai kuma wuta. A gidajen Hausawa ba a rasa kaskon turaren wuta a ɗakin mata, ko garwashin dafa shayi a wajen samari, ko dutsen guga na gawayi ranar da aka ɗauke lantarki. Garwashi ɗaya ya isa ya narka binil ya bar rami, kuma PVC idan ya kama da wuta yana fitar da hayaƙi mai guba. Katako ma yana ƙonewa, sai dai tabon da bai yi zurfi ba ana iya kankare shi.

Akwai wani abin da ba a cika tunawa ba. A ƙasashe masu sanyi ana yabon katako da binil ne saboda ba sa sanyaya ƙafa. A nan kuwa, da bazara mutane kan kwanta a kan karo ko siminti don neman sanyi. Wanda ya rufe ƙasan ɗakinsa da katako ko roba ya rage wa kansa wannan sauƙin, sai dai zai ji daɗinsu da sanyin Disamba da Janairu.

Gara, ruwa da rairayi

Gara na shigowa ta tsagin siminti ko ta jikin bango, tana cin katako daga ciki ta bar samansa lafiya ƙalau, har sai ranar da ƙafa ta burma. Zuciyar itacen tik, loko da kawo na da wasu sinadarai da gara ba ta so, amma itacen ok da yawancin falle-fallen da ke ƙarƙashin parke na haɗi abincinta ne. Duk mai niyyar sa katako sai ya sa an zuba maganin gara a ƙasa tun lokacin aza harsashi, kuma a riƙa dubawa. Gara ba ta cin PVC, amma tana iya gini a ƙarƙashinsa ta kai ga ƙofofi, gadaje da allunan gindin bango.

Game da ruwa, al'adar tsaftar gida a nan ita ce a kwara ruwa da bokiti a goge da tsumma, wani lokacin har da ruwan jabel. Karo na jure wannan. Katako ba ya jurewa: tsumma mai ɗan danshi kawai yake so. Binil ruwa ba ya ratsa jikinsa, amma yana iya bi ta gefen bango ya kwanta a ƙarƙashi, ya kawo wari da fumfuna. Daminar 2024 ta nuna cewa ba a raina ruwa a Nijar: ambaliya ta rushe dubban gidaje, jihar Maraɗi na cikin waɗanda abin ya fi shafa, a Damagaram ma tsohon masallacin unguwar Birni ya faɗi. Idan ruwa ya shiga ɗaki, binil mai sarƙewa ana iya kwance shi, a shanya, a mayar. Parke da ya kwana cikin ruwa sau da yawa ya tashi aiki.

Rairayi kuma abokin gabar su biyun ne. Ƙwayarsa ta fi man sheƙin katako da fatar binil tauri, don haka duk taku a kan ƙura tamkar guga ce da sanfefa. A nan al'adar cire takalmi a bakin ƙofa na taimakawa ƙwarai. Sauran aikin shi ne shara kullum da tsintsiya mai laushi, da sa ƙyalle a ƙafafun kujeru.

Kuɗi, hanya da mai gyara

A kasuwannin Turai, parke na tsantsar katako yakan ninka binil mai kyau sau biyu ko uku a farashi. Ga misali don a gane lissafin. Falo mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ne. Akan ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanke-yanke, ya zama 22. A ɗauka binil na Yuro 25 ne kowace mita, parke kuma Yuro 70. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, binil zai tashi kusan jika 361, parke kuma ya ɗan haura miliyan ɗaya. Wannan kafin a sa kuɗin jirgin ruwa, mota, duwan da aikin shimfiɗawa.

Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma da hanyar Kwatano ta toshe a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Kayan na da nauyi: SPC da zai rufe wannan falon kaɗai ya kai kilo 200 ko kusa da haka. Doguwar hanya na nufin idan alluna biyar suka gaza ko suka lalace, samun irinsu sak zai yi wuya, domin ko a kamfani ɗaya launi na ɗan bambanta daga bugu zuwa bugu. Shi ya sa ya kamata a sayi ƙarin kwali ɗaya ko biyu a ajiye a kwance a inuwa.

Babbar fa'idar katako ita ce ana sabunta shi. Amma wannan fa'ida na buƙatar injin kankara na musamman da wanda ya iya aiki da shi. Kafin a biya kuɗin parke, mai gida ya tambayi kansa ko a garinsu akwai wanda zai yi wannan aiki nan da shekara 10. Idan babu, ya biya tsadar abin da ba zai more ba. Masu aikin karo suna ko'ina, masu shimfiɗa binil mai sarƙewa kuma ba su buƙatar kayan aiki masu yawa: ma'auni, wuƙar yanka da gudumar roba sun kusa isa.

Lafiya da asalin kaya

A gidajen nan a ƙasa ake zama, a ƙasa ake cin abinci, a ƙasa ake sallah, jarirai kuma a ƙasa suke rarrafe. Don haka abin da ke cikin shimfiɗar ba ƙaramin batu ba ne. Wasu nau'o'in PVC ana tausasa su da sinadaran da ake kira fitalat, waɗanda ake danganta wasunsu da illa ga tsarin haihuwa. Tun watan Yuli na 2020 Tarayyar Turai ta taƙaita huɗu daga cikinsu zuwa ƙasa da kashi 0.1 cikin 100 a kayayyakin amfanin jama'a. A Faransa kuma, tun 2012 aka fara tilasta sa wa kayan shimfiɗa, fenti da gam alamar da ke nuna yawan sinadaran da suke saki a iskar ɗaki, daga A+, wanda ya fi kyau, zuwa C. Zafi na ƙara saurin fitar irin waɗannan sinadarai, saboda haka wannan alama ta fi muhimmanci a ƙasa mai zafi. Kayan da ba su da suna, ba su da takarda, ga wari mai hawa kai idan an buɗe kwali, gara a bar su ko da sun yi araha.

Katako ma na da nasa tambayoyin. Gam ɗin da ke cikin parke na haɗi da na garin katako na iya ɗauke da sinadarin fomaldihaid. Sannan akwai batun dazuzzuka. A 2016 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, bayan sarar da aka yi mata babu ƙaƙƙautawa a Afirka ta Yamma. A taron Panama na watan Nuwamba 2022 aka ƙara da dangin kawo da maɗaci na Afirka. Ga ɗan ƙasar da ke fama da kwararowar hamada, tambayar inda aka saro itace da ko yana da takardun izini ba ɓata lokaci ba ne.

Daɓen ƙasa kafin komai

Iyaye mata da ke yin daɓe da madaɓi suna yayyafa makuba sun san cewa ƙarkon daɓe na ga yadda aka daki ƙasansa. Haka abin yake a yau. Ko katako ko binil, ba ya zama lafiya sai a kan siminti busasshe kuma shafaffe. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce a ba kowane santimita ɗaya na kaurin daɓe kimanin mako guda ya bushe, fiye da haka idan ya haura santimita 4. Akwai gwaji mai sauƙi: a manna leda mai faɗin rabin mita a ƙasa, a liƙe gefunanta, a bar ta kwana ɗaya. Idan an ga raɓa a ƙarƙashinta ko simintin ya yi duhu, da sauran danshi.

Sai a aza miƙaƙƙen ma'auni mai tsawon mita 2 a ƙasa. Idan ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3 zuwa 5, sai an shafe wurin tukuna. In ba haka ba, bakin allunan da ke sarƙe juna zai riƙa karyewa da taku, binil mai gam kuma ya nuna duk wani tudu da tsakuwa. Wanda ke ƙetare zai iya neman a turo masa bidiyon waɗannan gwaje-gwaje biyu ta WhatsApp kafin ya saki kuɗin shimfiɗa, kamar yadda zai nemi hoton gefen allo da bayanin da ke jikin kwali don gudun cinikin biri a sama.

Wane ne ya dace da wane ɗaki?

Ga ɗakin kwana ko falon da rana ba ta bugawa kai-tsaye, a gidan da ake zaune ko ake buɗewa a kai a kai, binil nau'in SPC ya fi dacewa da yanayin kudancin Nijar. A nemi mai fatar sama ta milimita 0.55, kuma a duba lambar ajinsa a jikin kwali: 23 na gidan da ake yawan zirga-zirga ne, 32 da 33 kuma har shago da ofis suna ɗauka.

Katako ya dace da wanda ke zaune a gidan duk shekara, ya yi maganin gara, zai iya kula da laimar ɗaki, kuma ya san mai gyara. Ko shi ma parke na haɗi, mai ƙananan alluna, na itacen da ba ya yawan motsi, ya fi masa kwanciyar hankali, kuma a bene ya fi zama lafiya fiye da ɗakin ƙasa.

Madafa, banɗaki, baranda, zaure da duk wurin da ake kwara ruwa ko hura gawayi, har yanzu karo ne maganinsu. Akwai ma karo dogaye masu zanen katako, waɗanda ba ruwansu da gara, zafi ko bokitin ruwa. Gidan da zai shekara a kulle kuwa, mai shi zai iya barin ƙasan a siminti shafaffe ko ya sa karo, ya jinkirta sauran ado har zuwa lokacin da zai dawo ya zauna.